Cin ruwa a dunduniyar Bikili: sati biyar muna jinyar ƙafar doki a tsakiyar damina

Dokin na Baffana ne, amma tunda gwiwa ta hana shi hawa ni nake kula da shi, ni ke yanko ciyawa, ni ke wanka, ni ke fita kilisa da yamma. Bikili ne, wato sunan launin jikinsa kenan, zai kai shekara takwas, daga kasuwar Maigatari aka sayo shi wata Alhamis, kuma ƙafafunsa na baya duka biyun farare ne tun daga kofato har kusan rabin ƙwauri. Ku riƙe maganar farin ƙafar nan dan zan dawo kanta. Garinmu a ƙasar Ringim yake, gefen fadama, duk wanda ya san yankin ya san in Agusta ta kama marka ta sauka ƙasarmu bata shanye ruwa da wuri, laka ce mai danƙo, sai a kwana uku da ɗauke ruwa tsakar gida na nan caɓal. Daminar da abin ya faru bata kai ambaliyar 2022 da ta cinye gidaje da gonaki a Jigawa ba, amma an yi wajen kwana goma rana bata fito ta kirki ba.

Bargar tamu rumfa ce ta kwano a bayan gida, turken na tsakiya, ƙasa ce ba siminti. Da can wajen ya ɗan fi tsakar gida tudu amma shekara da shekaru doki na kartar ƙasa muna kwashe kashi da shebur, a hankali wajen ya zama kwari bamu lura ba, to in an yi ruwa sai ya gangaro ya haɗu da fitsari da kashi ya kwanta daidai inda ƙafafun baya suke tsayawa.

Ranar da na fara ganin abin da safe ne ina share barga, naga yana ɗaga ƙafar hagu ta baya yana bugawa ƙasa kamar ƙuda na damunsa alhali babu ƙuda a wajen. Na durƙusa na shafa bayan wuyan ƙafar, wannan ɗan kwarmin da ke saman dunduniya kafin a kai gaɓar da ke da tukun gashi, sai naji gashin ya manne ya yi tauri kamar an zuba masa koko ya bushe. Da na buɗa da yatsa fatar ta yi jajur, da ɗan ruwa mai yauƙi kalar ruwan ƙwai, faɗin wajen bai wuce kwabo biyu ba. Ya janye ƙafar da na danna amma baya ɗingishi, yana cin harawarsa lafiya lau. Nace a raina gurzar igiya ce, dan a ƙafar nake ɗaure shi, kwana biyu zai warke.

Abin da na yi a satin farko shi ne ya mayar da ƙaramin ciwo babba, kuma saboda shi nake wannan rubutun dan nasan ba ni kaɗai ke yi ba. Kullum in mun dawo kilisa ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu da taɓo sai in ɗebo ruwa a bokiti in wanke su tas da omo, in mayar da shi turke a jiƙe da magariba, kenan ƙafar zata kwana da laima, gari ya waye da raɓa, ga caɓin da yake tsaye a ciki. Da naga ciwon sai na ƙara yawan wankin, safe da yamma, ina gamawa in lafta man kaɗe a kai ban jira ya bushe ba. Da kwana huɗu ya yi ba sauƙi na kai maganar majalisa, wani abokina yace ai baƙin mai na inji shi ne maganinsa, shi da shi yake yi wa shanunsa, ƙuda ma baya sauka. Na karɓo a wajen mai injin niƙa na shafa kwana biyu.

Ranar ta bakwai da asuba ƙanina ya taso ni yace Yaya zo kaga ƙafar doki. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Ƙafar ta kumbura tun daga kofato har kusan gwiwar baya, ta zama kamar taɓarya, in ka taɓa zafi rau, in ka danna da babban yatsa sai wajen ya lotsa ya ɗan jima kafin ya ciko. Ɓamɓarokin ya bazu ya zagaye bayan ƙafar, ya yi kauri, ya tsattsage a kwance daidai inda fatar ke naɗewa in ya taka, kowace tsaga da jini-jini a ciki, ga wari. Ƙafar dama ma ta fara, ɗan kaɗan. Dusar da na dama masa da daddare rabi ya sha ya bari. Baffa ya fito da sandarsa ya tsaya ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can yace "kai yaro, wa ya ce ka sa masa baƙin mai?" Nace Baffa a majalisa aka faɗa min. Yace "je ka kira likita, kuma ka biya ka gaida Baba ka ce ina neman sa."

Baban nan dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin barga a gidan sarauta kafin ya dawo gida, shi ya riga likitan zuwa. Bai ma fara duba ƙafar ba, sandarsa ya caka a gindin turken ta nutse kusan taƙi guda, ya zaro ya nuna min yace "ɗana, kai zaka iya kwana a tsaye a nan?" Sannan ya kama igiyar ya murza, igiyar leda ce irin shuɗiyar nan, ta sha taɓo da yashi ta zama kamar zarto. Yace cin ruwa ne, irin wanda ke kama mu a tsakanin yatsu in mun daɗe a fadamar shinkafa, fata ta jiƙa ta yi fari ta yi laushi sai ta tsage, banbancin kawai mu muna hawa tudu mu shanya ƙafa, shi kuma an ɗaure shi.

Likitan dabbobin ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya a kan babur. Ya sa ma'aunin zafi ta dubura ya nuna 39.2, yace na doki mai lafiya tsakanin 37.5 ne zuwa 38.5, kenan akwai zazzaɓi. Ya ɗaga kofaton ya ƙwaƙule cikinsa ya shinshina dan ya tabbatar ba ruɓewar cikin kofato bace ko ƙusa ya taka, ya bi cikin cinyar da hannu yana laluben ƙulli-ƙulli, yace akwai wata cuta ta dawakai a ƙasar nan da ke fito da ƙuraje a jere kamar carbi suna bin jijiya suna fashewa da mugunya, waccan ƙwayar cuta ce dangin naman gwari ke kawo ta, tana yaɗuwa tsakanin dawakai kuma jinyarta doguwa ce mai wahala, Alhamdulillahi bai samu ko ɗaya ba. Ya kankari gefen ciwon kaɗan ya duba a kan baƙar leda ko zai ga ƙananan ƙwarin da ke sa doki bubbuga ƙafa, yace bai ga alama ba, dama sun fi kama dawakai masu yalwar gashi a ƙafa, namu na nan gashinsu gajere ne.

Bayanin da ya yi mana ya zauna min sosai. Yace Turawa zazzaɓin taɓo suke ce masa, amma ba taɓon ne cutar ba, taɓo ƙofa kawai yake buɗewa. Fata in tana da lafiya akwai maiƙon da ke kare ta, in ta daɗe a jiƙe maiƙon ya tafi ta yi laushi, omo kuma ya ƙarasa wanke sauran, yashi da igiya su gurje ta, to sai ƙwayoyin cuta su shige. Wani lokacin ƙwayar da ke kawo maruru ce, wani lokacin kuma wadda ake kira Dermatophilus congolensis, yace "Alhaji ai kun san ta, ita ce ke sa wa shanu kirci." Baffa ya gyaɗa kai dan babu mai shanu a ƙasar nan da bai san kirci da damina ba. Tun 1915 aka fara gano ta a jikin shanu a Kwango shi ya sa sunan ƙasar ke jikinta, kuma halinta shi ne tana kwanciya shiru a cikin busasshen ɓamɓaroki wata da watanni, ruwa na taɓa ta sai ta farka ta fara yawo. Farar ƙafa kuwa fatar da ke ƙarƙashin farin gashi ja ce mara launi, bata da juriyar baƙa, rana ma ta fi ƙona ta, shi ya sa ciwon ya fi son ta. Na duba ƙafafun gaba da suke baƙaƙe, a caɓi ɗaya suke tsaye amma ko ƙwarzane babu.

Da na faɗa masa abin da na shafa bai yi min faɗa ba, yace man kaɗen kansa ba mugun abu bane, lokacin da na sa shi ne ba daidai ba. Mai a kan jiƙaƙƙen ciwo murfi ne, ya rufe ruwa da ƙwayar cuta a ciki, iska bata shiga, ɗumi ya samu, kamar ka rufe tuwo da zafinsa a kula. Baƙin mai kuma shi ba ma a maganarsa, dattin inji ne da gubar ƙarfe, yana ƙona fatar da ta riga ta buɗe. Kumburin da ya hau sama alama ce cutar ta wuce fata ta shiga naman da ke ƙasa, daga nan shafe-shafe kaɗai baya isa sai da allura.

Aikin ranar ya ɗauke mu kusan awa biyu. Muka fito da shi kan dandamalin simintin da ke bakin rijiya, Baba ya riƙe ragama yana masa magana a kunne ƙasa-ƙasa, ƙanina ya ɗaga ƙafar gaba ta ɓangaren dan kar ya samu damar harbi. Likita ya fara yi masa allurar rage zafi, sannan ya sa almakashi mai lanƙwasa ya rage gashin wajen har ya wuce iyakar ciwon da kamar yatsa biyu. Baƙin man ya ba mu wahala, sai da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi sau uku kafin ya fita. Sai ya haɗa ruwan aidin na wanke ciwo a ruwan ɗumi har ya yi kalar shayin da bai jiƙu sosai ba, yace in ya fi haka duhu ƙona sabuwar fata zai yi, Savlon ma in an sirka ta yadda aka rubuta a kwalba tana yi. Ya jiƙa auduga ya naɗe wajen ya bari minti goma. Da ya cire sai ɓamɓarokin ya yi laushi, yana turawa da yatsa a hankali yana ɗagowa da gashinsa a tsaye a jiki kamar kan burushin fenti, ƙasansa ja sharr da ɗan mugunya mai kauri. Wanda ya ƙi tasowa ya bar shi yace kar in kuskura in ɓanɓare da ƙarfi, jini zai yi ya zama sabon ciwo, gobe ko jibi zai sako da kansa. Duk abin da ya cire a leda ya tara yace a ƙona, kar a zubar a barga kar a zubar wajen shanu, kuma in riƙa sa safar hannu ko in wanke hannu da sabulu dan takan kama mutum jifa-jifa.

Sai busarwa, nan ne ya fi tsayawa. Ya ɗauraye da ruwa mai kyau, ya sa tsumma mai tsabta yana dannawa ba gogawa ba, ya canja wani, kowace ƙafa da nata tsumman, sannan yace mu bar shi a tsaye a iska. Muka zauna muna hira wajen rabin awa, ya tashi ya taɓa da bayan hannu yace saura, muka ƙara zama. Sai da fatar ta bushe ƙayau sannan ya shafa farin man nan na ƙuna da ake samu a kemis, silba salfadayazin, shafi siriri wanda kana hango fata ta ƙarƙashinsa. Bai naɗe da bandeji ba, yace a daminar nan bandejin da ya jiƙe ya fi babu illa. Ya yi masa allurar penisilin ta kwana biyar, ya tambaya ko an taɓa yi masa rigakafin tatanus, muka ce tunda muka saye shi dai ba a yi ba, yace doki na cikin dabbobin da ciwon sandarewar nan ya fi saurin kamawa kuma ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ga tsaga a buɗe a cikin caɓi, dan haka ya yi masa ta kariyar gaggawa a ranar.

Wani abu da ya faɗa yana haɗa jakarsa, ina so masu dawaki su ji shi da kyau. Ya ga kwalbar maganin kaska na shanu a kan katanga yace kar wani ya ce min in fesa wa dokin wannan wai ko ƙwari ne, duk maganin feshin da ke da sinadarin amitiraz guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji ya kumbure ciki, ana rasa doki a haka. Ni dai ban taɓa sani ba, kuma da abin ya ƙara kwana biyu ba mamaki wani ya ba ni shawarar in gwada.

Da yamma muka koma kan bargar. Baba ne ya tsaya a kanmu. Muka kwashe baƙar lakar nan mai wari har sai da muka tarar da ƙasa mai tauri, amalanke uku muka fitar zuwa gona, muka zuba ɓaraguzan bulo da marmara muka daddaɓe, sannan yashi amalanke huɗu a sama har wajen ya fi tsakar gida tudu da kusan taƙi, muka ɗan karkata shi baya muka yi ƙaramar kwata da fitsari zai bi ya fita. Kwanon rumfar akwai huda biyu daidai saman gindinsa, muka liƙe. Igiyar leda kuma aka jefar, Baba yace har ya warke ba za a ƙara ɗaure shi a ƙafa ba, da ragama za a ɗaure shi, in ma an dawo ɗaurin ƙafa to igiyar rama ce mai laushi a naɗe ta da tsumma kuma a riƙa sauya ƙafa.

Tsarin da na bi bayan nan ba wuya sai naci. Kwana uku na farko wanki sau ɗaya a rana da hantsi, lokacin da akwai iska da ɗan rana, ba da magariba ba. Daga nan likita yace in koma bayan kwana biyu-biyu, da ɓamɓarokin ya ƙare kuma in daina wankin gaba ɗaya sai shafa mai kawai. Wannan ya min wuya a zuciya gaskiya, hannuna ƙaiƙayi yake in ga ƙura a ƙafar ban wanke ba, amma na daure. Kashi da jiƙaƙƙen yashi ina kwashewa safe da yamma in zuba busasshe. Kullum in ja shi da hannu minti ashirin a kan burji ta hanyar makarantar firamare inda ruwa baya kwanciya, dan tafiya ke sauke kumburi, in ya tsaya waje ɗaya ƙafar cika take.

Kwana na uku zafin jikin ya sauka ya cinye dusarsa tas har yana haniniya in ya ji motsin bokiti. Kwana na shida kumburin ya koma iya wuyan ƙafa. Ƙafar dama da aka tare da wuri cikin kwana takwas ta warke, abin da ya ƙara nuna min cewa da tun ranar farko na busar da ta hagun na canja masa waje da ba a kai ga allura ba.

A sati na biyu aka samu koma baya. An yi ruwan dare mai iska ya kaɗo ta gefen rumfar, ni kuma na je Gujungu cin kasuwar Lahadi ban dawo ba sai dare, yashin ya jiƙe ya wuni a kai. Washegari tsaga ɗaya da ta fara haɗewa ta sake buɗewa tana ruwa, ƙuda ya taru. Na kira likita a waya yace in wanke sau ɗaya in busar in ci gaba da man, in duba da kyau kar ƙuda ya yi ƙwai tsutsa ta shiga, in kumburi ya dawo ko ya ƙi cin abinci in kira shi. Bai dawo ba. Muka sa zana biyu a ɓangaren gabas inda ruwan ke kaɗowa.

Ana cikin haka ɗan kawuna ya zo aron dokin, abokinsa zai yi hawan angwanci, har ya yi wa mutane alkawari. Ya duba ƙafar yace Baffa ai ya warke, ɗan wannan in an sa kaya wa zai gani. Baffa yace "ba za a gani ba amma shi zai ji." Ya tafi ransa a ɓace, ni kuma naji daɗin hukuncin dan sukuwa a kan fatar da bata gama haɗewa ba, ga ƙura ga gumi, da mun koma farko.

Akwai inda Baba da likita suka ɗan saɓa. Baba ya so a barbaɗa garin bagaruwa a kan tsagar dan tana tsotse ruwa tana ɗaure fata, abin da majema ke jima da ita kenan. Likita yace baya musun tana busarwa, amma a kan buɗaɗɗen ciwo mai mugunya gari zai haɗu da ruwan ya yi wani ɓawon da cuta zata ɓuya a ƙasa, a bari tukuna. Baba bai ja ba, yace to ku yi naku, nawa dai yashi ne. Ni a ganina yashin nan da igiyar da aka cire sun yi rabin aikin ko fiye, dan allura ta kwana biyar ce kawai, sauran kwana talatin ɗin busasshen waje ne ya riƙe ƙafar.

Sati na huɗu fatar ta rufe, sabuwa fil kalar hoda, santsi, ba gashi. A nan ne likita yace yanzu lokacin mai ya yi, in zamu fita inda akwai laima in shafa man zink irin wanda ake shafa wa jarirai saboda famfas, ko man kaɗen ma, amma a kan busasshiyar fata mai tsabta, in mun dawo in goge. In ƙafa ta kwaso taɓo kuma in bar shi ya bushe in kakkaɓe da burushi mai laushi maimakon ruwa. Sati na biyar gashi ya fara tsirowa siriri kamar na jariri, ranar Juma'a bayan la'asar na ɗora masa sirdi muka yi tafiyar ƙasaita zuwa bakin kwalta muka dawo, ba sukuwa, ina saukowa na durƙusa na shafa wajen, sanyi ƙalau ba zafi.

Tabo ɗaya ya rage a dunduniyar hagun, layi siriri a kwance inda tsagar nan ta sake buɗewa, gashi bai fito a kai ba har yau kuma fatar wajen ta ɗan fi kauri. Likita yace wajen zai riƙa saurin tsagewa duk damina dan haka shi nake fara taɓawa kowace safiya kafin in zuba masa harawa. Rigakafin tatanus na dogon lokaci an yi masa na farko da na biyu bayan wata guda, yashi kuma amalanke biyu na sa an jibge min a gefen rumfa na rufe da tamfol tun kafin ruwan bana ya sauka.